Wa Ke Ƙirga Yaran Ajinmu?

A duk faɗin ƙasar nan babu ma'aikacin gwamnati da ke kiran sunan yaro kowace safiya, ya ɗaga kai ya duba ko ya amsa, in ban da malamin firamare. Likita yana ganin yaro ne ranar da ciwo ya gagari mutanen gida. Ma'aikacin rigakafi yana ganinsa a ƙofar gida, ya ɗiga masa magani, ya shafa masa alama a yatsa, ya wuce. Mu kuwa muna tare da shi daga Litinin zuwa Juma'a, zango uku a shekara, har shekara shida. Mun san wanda ke kifa kai a kan benci tun kafin a tashi tara, mun san wadda idonta ya yi fari fat bayan damina, mun san wanda ke matsowa har gindin allo don ba ya hango rubutu daga baya. Amma duk da wannan sani, idan aka zo maganar alƙaluman lafiya na ƙasa, waɗanda masu bincike ke gina aikinsu a kai, gwamnati kuma ke raba kuɗi da su, ba a tambayarmu komai. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, yaran da ke zaune a gabanmu su ma kusan ba sa cikin lissafin.

Bari mu fara da babban rumbun da kowa ke ɗiba. Tun 1990 ake gudanar da binciken yawan jama'a da lafiyarsu wanda aka fi sani da NDHS. An maimaita shi a 1999, 2003, 2008, 2013 da 2018, sannan na baya-bayan nan a 2023 zuwa 2024, kuma tun zagaye na biyu Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ɗauke da aikin. A na 2018 an zaɓi gungun gidaje 1,400 a faɗin ƙasa, aka shiga gidaje sama da 40,000, aka yi hira da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, da maza 13,311. An ɗora yara a kan sikeli, an auna tsayinsu, an huda yatsa an ɗauki ɗigon jini. Daga nan ne aka san cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Cewa kashi 37 cikin ɗari na ƙananan yara sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Cewa kashi 68 suna da ƙarancin jini. Idan an gama, sai a cire sunaye a ajiye bayanan a intanet, duk mai binciken da ya yi rajista ya sauke su kyauta. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a Zariya da Ibadan da Landan da Amurka sun rubuta kundaye bila adadin da waɗannan bayanai. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna ɗora ƙiyasinsu a kansu, masu ba da tallafi suna duba su kafin su saki kuɗi, minista kuma yana karanta su a gaban 'yan jarida.

Aiki ne na gaske, kuma ma'aikatan da suka bi ƙauye-ƙauye da sikeli a kafaɗa sun cancanci jinjina. Da babu shi, da babu wanda zai iya tsayawa ya ce a 2018 yara 252 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar a Jihar Kebbi, alhali a Jihar Ogun 30 ne, duk a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin tuta ɗaya. Kowane malamin lissafi ya san abin da matsakaicin adadi ke ɓoyewa, wannan 132 ɗin ma haka ya ɓoye Kebbi a bayan Ogun.

To, amma a duba waɗanda aka auna. Sikeli da ma'aunin tsayi na yaran da ba su kai shekara biyar ba ne da mata masu shekarun haihuwa. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sikila na yara ne masu wata 6 zuwa 59. Tambayar ko yaro ya yi zazzaɓi, ko gudawa, ko tari a makonni biyun da suka wuce, ita ma ta 'yan ƙasa da biyar ce. Ranar da yaro ya cika wata sittin, sai a rufe masa littafi. Sunansa yana nan a jerin mutanen gida, za a tambayi ko yana zuwa makaranta, ko ya kwana cikin gidan sauro, da 'yan tambayoyi irin waɗannan, amma babu mai ɗora shi a sikeli, babu mai duba jininsa. Yarinya ba za ta sake shiga hira ba sai ta cika sha biyar, wato ƙasa tana tunawa da 'yarmu ne ranar da ta isa ɗaukar ciki. Tsakanin biyar da sha biyar akwai rami mai faɗin shekara goma, kuma makarantar firamare gaba ɗayanta, daga aji ɗaya har aji shida, tana cikin ramin nan.

Wani zai ce ai akwai binciken MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi da UNICEF, wanda a 2021 ya yi tambayoyi a kan yara masu shekara 5 zuwa 17. Gaskiya ne, an tambayi karatunsu da aikatau da irin horon da ake musu da naƙasa. Wannan ci gaba ne, amma tambaya daban, awo daban.

Abin da ba a auna ba, ba ya shiga takardar mai bincike, abin da bai shiga takarda ba kuwa ba ya shiga kasafi. Ku dubi zazzaɓin cizon sauro. Ana alfahari da cewa yawan yaran da aka samu da ƙwayar cutar a jininsu ya sauka daga kashi 42 a 2010 zuwa 27 a 2015, zuwa 23 a 2018, zuwa 22 a 2021. Duk waɗannan alƙaluma na 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Alhali bincike a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa yaran makaranta sun fi ƙannensu ɗaukar ƙwayar a jini, sau da yawa ba tare da ta kwantar da su ba, sai dai ta riƙa cin jininsu a hankali, kuma su ne suka fi kowa kwana a waje da gidan sauro. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san gidajenmu: idan gidan sauro ɗaya ne ko biyu, na uwa da jariri ne, ɗan shekara tara kuwa tabarma ce tasa a tsakar gida ko a zaure. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a damina, a nan ƙasar na yara ne masu wata 3 zuwa 59. Ma'aikaciya za ta shiga gida ta ba ƙaramin, ta tsallake yayansa ɗan aji biyu da ke tsaye yana kallo, ba don mugunta ba, don haka fom ɗinta ya ce. Ƙasar Senegal ta daɗe tana ba da wannan magani har ga yaran da ke ƙasa da shekara goma, saboda nata alƙaluman sun nuna mata cewa cutar ba ta tsayawa a shekara biyar. Tanzaniya kuma tana bin makarantun firamare lokaci-lokaci tana gwada jinin ɗalibai, har ta san wace gunduma ce ta fi wace. Mu a nan, watan Satumba da Oktoba idan benci ya yi giɓi-giɓi, malami ne kaɗai ke gani, shi ma alamar rashin zuwa kawai yake sawa a rajista.

Mun san amsar da masana za su ba mu, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce kuɗi ƙalilan ne, mutuwa kuma ta fi yawa nesa ba kusa ba a shekarun farko, musamman watan farko na haihuwa, don haka can ya kamata a zuba ido. Babu malamin da zai yi musun wannan, yawancinmu iyaye ne, wasunmu sun binne jarirai. Sai dai ƙirga mutuwa kawai ba shi ne ƙirga lafiya ba. Yaron da ya tsallake shekara biyar da ƙyar, a tsumbure, da ƙarancin jini, da tsutsa a ciki, bai warke ba don ya cika wata sittin. Mu ake kawo wa shi. Sa'annan a dawo a ce yaran firamare ba su iya karatu ba, a kira taro, a ɗora laifin a kan malamai, a ce a sake mana jarrabawar cancanta. An taɓa auna yawan waɗanda ba su ji sosai a cikin yaran da aka ce ba su iya haɗa baƙi ba? An taɓa ƙirga kwanakin da zazzaɓi ya cinye musu a zangon farko? Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiyar 'yan makaranta tun 2006, wadda ta tanadi duba lafiyar ɗalibai da ajiye bayanansu. Duk wanda ya taɓa ganin katin lafiyar ɗalibi a makarantarsa, ya kawo shi taron reshe mu gani.

Wannan ke nan game da waɗanda ba a ƙirga ba. Akwai kuma maganar waɗanda aka ƙirga da ƙarya, kuma ita ce ta fi taɓa mu.

Ban da manyan binciken da ake yi bayan shekara biyar-biyar, akwai alƙaluman yau da kullum. Kowane ƙaramin asibiti yana cika fom ɗin wata, a kai ƙaramar hukuma, a shigar da shi kwamfuta a manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, daga nan ya hau jiha, ya hau Abuja. Idan ana son sanin kashi nawa ne na yara aka yi wa rigakafi, sai a yi rabawa irin wadda muke koyarwa a aji huɗu: yawan waɗanda aka yi wa allura a sama, yawan yaran da ke yankin a ƙasa. To, daga ina lambar ƙasa take fitowa? Daga ƙidayar 2006, wadda ta ce mu miliyan 140 ne da ɗoriya. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki. Abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin 2006, a riƙa ƙara masa wani kaso kowace shekara, sannan a ce kashi 4 cikin ɗari na abin da ya fito su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Jariran da aka ƙirga a goye a 2006, yau wasunsu su ne ke goyo. Garuruwan da 'yan gudun hijira suka cika da ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, duk kaso ɗaya ake ƙara musu kamar babu abin da ya faru. Lambar ƙasa ƙiyasi ce. Lambar sama kuwa tana hannun ma'aikacin da aka ba adadin da dole ya cika, wanda ya san za a kira shi a tsare shi da tambaya idan ya kawo ƙasa da haka, ba kuma za a tambaye shi komai ba idan ya kawo sama. Shi ya sa ake samun ƙananan hukumomin da rahotonsu ke cewa sun yi wa fiye da kashi ɗari cikin ɗari na yaransu rigakafi. Ɗalibin da ya rubuta mana cewa ya ci 110 cikin 100, mun san abin da za mu yi da littafinsa. A can kuwa tafi ake yi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2016 zuwa 2017 an fita gida-gida aka duba katin rigakafin yara masu wata 12 zuwa 23, aka tambayi iyaye mata. A lokacin da rahotannin ofis ke nuna kamar kusan kowane yaro ya samu, binciken ya gano kashi 33 cikin ɗari ne kawai suka kammala allura uku ta haɗin rigakafin nan mai kare cuta biyar. A Legas kashi 80 ne, a Sakkwato kashi 3. Abin ya girgiza Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa har ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017. Nan ne ake ganin amfanin bincike mai zaman kansa, shi ya tona abin da fom ɗin wata ya rufe. Amma ku yi lissafi da mu. Yaron da ke da shekara ɗaya zuwa biyu a ƙarshen 2016, shekararsa nawa a 2023? Bakwai ko takwas, wato ɗan aji biyu ko aji uku. Ɗaya daga cikin cututtuka biyar da wannan allura ke karewa ita ce mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ta ɓarke, ta fi tsanani a Kano, ta taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ta kama dubbai, ta kashe ɗaruruwa. Rahotannin Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa sun nuna cewa mafi yawan waɗanda ta kama yara ne masu shekara 1 zuwa 14, kuma mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba. Ba mu ce alƙalami ne kaɗai ya jawo annobar ba. Akwai rashin yarda da allura, akwai nisan asibiti, akwai lalacewar firji da rashin wuta. Amma yaron da takarda ta ce an yi masa allura, babu wanda zai fita nemansa. An yi dokar ta-ɓaci don jariran da za a haifa, waɗanda aka riga aka tsallake kuwa sun wuce shekarun fom, sun sa yunifom, sun zauna a gabanmu mutum shida a benci ɗaya, suna shan ruwa a moɗa ɗaya.

Kada mu ɗauka wannan cuta ta cika fom ta tsaya a asibiti. Ta daɗe da shigowa makaranta. Duk lokacin da za a raba maganin tsutsar ciki da na tsargiya, mu ake kira bitar yini ɗaya, a ba mu sandar awon tsayi da kwalaben ƙwayoyi da fom. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne a kai ga aƙalla kashi 75 cikin ɗari na yaran da suka isa makaranta. Ranar rabo, waɗanda suka zo su ake ba, kuma kowa ya san bambancin da ke tsakanin sunayen da ke rajista da ƙafafun da ke aji, balle a lokacin shuka ko girbi ko ranar kasuwa. Idan hedimasta ya kai adadin gaskiya, akwai ofisoshin da za a mayar masa da takardarsa a ce ya je ya gyara. Kowa ya san ma'anar wannan gyara. Haka abin ya kasance da lissafin ciyar da ɗalibai tun da aka fara shirin a 2016, inda yawan suna ke nufin yawan kuɗi. Wannan adadin da aka kumbura shi ne zai hau sama, ya shiga rahoton jiha, ya shiga na tarayya, wata rana wani mai bincike a wata jami'a ya sa shi a jadawali ya ce an rufe yankinmu da magani shekara biyar a jere, don haka ana iya rage rabo. Yaran da ke wanka a kududdufi suna fitsarin jini kuwa suna nan, har wasu iyaye na ɗaukar abin alamar girma ce. Sa hannun da ke ƙasan wannan fom na malami ne. Ranar da asiri ya tonu, ba za a nemi wanda ya ce a gyara ba, wanda ya sa hannu za a nema.

Abin haushi a nan shi ne, su kansu masu binciken sun fi kowa sanin darajar aji. A 1979 wani masanin ƙidayar jama'a ɗan ƙasar Ostireliya, John Caldwell, ya wallafa nazarin da ya yi da bayanan da aka tattara a Ibadan da kewaye, inda ya nuna cewa ilimin uwa yana da tasiri mai ƙarfi a kan rayuwar ɗanta, ko da an cire bambancin arziki da na wurin zama. Daga alƙaluman Nijeriya wannan magana ta fita ta zaga duniya. A 2010 wani nazari a mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta cewa kusan rabin raguwar mace-macen ƙananan yara da aka samu a duniya tsakanin 1970 da 2009 yana da nasaba da ƙaruwar ilimin mata. NDHS ta 2018 ta sake tabbatarwa: yara 170 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar idan uwa ba ta yi makarantar boko ba, 56 idan ta wuce sakandare. Kusan kowane kundin da aka rubuta da waɗannan bayanai yana da layin da ke cewa ilimin uwa yana da alaƙa da rigakafi, da haihuwa a asibiti, da tsumburewa. Fiye da shekara arba'in ke nan ana sake gano abu ɗaya, ana samun digiri da ƙarin girma da shi. Wannan ilimin uwa da ke cikin jadawalinsu, a ina aka ba da shi? A ɗakin da rufinsa ya yaye, a hannun malamar da ke koyar da yara tamanin da alli guda. Mu ne maganin da suka gano, amma a takardunsu iyakar matsayinmu shafi ɗaya ne a jadawali mai lamba 0, 1, 2, 3.

Akwai kuma masu binciken da ke zuwa makarantunmu da kansu. Suna zuwa da takarda daga ofishin ilimi, da kwalaben fitsari da na bayan gida, mu jera musu yara, mu yi musu tafinta, mu lallashi masu kuka, mu kuma amsa tambayoyin iyayen da ke zuwa washegari da zargi, domin mu suka sani. Su tattara kayansu su tafi. Sau nawa aka dawo aka ce mana ga yaran da aka samu da cutar, ga maganinsu? Sakamakon yana fitowa bayan shekara biyu da Turanci, a mujallar da ko intanet muke da shi sai mun biya kafin mu karanta. Ƙasar nan tana da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Takardar sakataren ilimi ba ita ce yardar uba da uwa ba.

Kuma an riga an gwada, an ga malami yana iya zama idon ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1980 a Tanzaniya, masu bincike suka aika wa makarantu wata gajeriyar takardar tambayoyi ta hanyar ofishin ilimi, malamai suka tambayi ɗalibai ko sun ga jini a fitsarinsu. Da aka gwama amsoshin da gwajin fitsari, sai aka ga sun isa su nuna makarantun da tsargiya ta yi wa katutu, cikin 'yan makonni, da kuɗi kaɗan ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi hanyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. NDHS da duk girmanta ba ta iya magana a kan ƙaramar hukuma: gungu 1,400 a raba wa ƙananan hukumomi 774, kowace ba ta samu biyu cikakku ba, shi ya sa alƙalumanta suka tsaya a matakin jiha. Taswirori masu launi da ake nunawa na kowace ƙaramar hukuma, lissafin kwamfuta ne ya cike guraben. A 2018 ma an bar ƙananan hukumomi 11 cikin 27 na Borno da wasu gungu a Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda rashin tsaro, wato inda wahala ta fi tsanani nan ne ba a je ba. Makarantar firamare kuwa akwai ta a kusan kowace mazaɓa, da rajista, da wanda ya iya rubutu. Hatta mutuwa, wadda dokar 1992 ta wajabta yi wa rajista amma mafi yawa ba a yi, mu muna sanin ta ɗalibinmu a ranar, domin da mu ake jana'iza, mu ne ke jan layi a kan sunansa. Babu fom ɗin da ya taɓa tambayarmu me ya kashe shi.

A ƙara da wannan: shi kansa babban rumbun a kan kuɗin wasu yake tsaye. Shirin binciken da NDHS ke ƙarƙashinsa, hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ce ta riƙa ɗaukar nauyinsa tun 1984 a ƙasashe sama da 90. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar, sai da wata gidauniya mai zaman kanta ta kawo tallafin wucin gadi. Ƙasar da shugabannin Afirka suka taru a babban birninta a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yau ba ta iya biyan kuɗin ƙirga 'ya'yanta da kanta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe su ɗauki wannan magana da muhimmancin da suke ba maganar albashi da ƙarin girma, domin ita ma maganar kare ma'aikaci ce. Abu na farko a bayyane yake: kada wani mamba ya sa hannu a kan adadin da bai ƙirga da kansa ba. Idan aka mayar wa hedimasta da fom aka ce ya gyara, ya nemi a rubuta masa umarnin a takarda, ya kawo kwafi ofishin ƙungiya, ƙungiya kuma ta tsaya masa idan aka yi masa barazanar canjin wurin aiki. Mutum ɗaya ba ya iya wannan, reshe yana iyawa. Duk mai binciken da zai taɓa ɗalibi, ya nuna takardar kwamitin ɗa'a, ya zauna da kwamitin iyaye da malamai, ya rubuta ranar da zai dawo da sakamako cikin Hausa da kuma inda za a kai yaran da aka samu da cuta. In ba haka ba, ƙofa a rufe take. Muna kuma son uwar ƙungiya ta rubuta wa Hukumar Ƙidaya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tun kafin a tsara tambayoyin zagaye na gaba, ta nemi a ɗora yara masu shekara 5 zuwa 14 a sikeli, a gwada jininsu kamar na ƙannensu. Ma'aikatan suna cikin gidan, sikelin yana hannunsu, yaron yana tsaye a wurin.

Akwai wanda ba ya buƙatar izinin kowa, kuma ana iya fara shi ranar Litinin. A gefen alamar rashin zuwa a rajista, malami ya ƙara harafi ɗaya: Z idan zazzaɓi ne, G idan gudawa ce, M idan ciwon maƙogwaro ne, A idan aikin gona ko talla ne. Mun san nauyin da ke kanmu ya riga ya yi yawa, amma wannan bai kai minti biyu ba, kuma 'yan ajin su ne za su faɗa maka dalilin tun kafin ka tambaya. A ƙarshen wata hedimasta ya haɗa jimla ba tare da sunaye ba, kwafi ɗaya ya je wurin mai kula da asibitin mazaɓa, ɗaya ya zo reshe. Idan M ya kai uku a aji ɗaya cikin mako ɗaya, ba a jiran ƙarshen wata, a ranar za a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kuma ya kamata lambar wayarsa ta kasance a rubuce a bangon ofishin kowane hedimasta.